Gardamar Achebe da Ngugi kan harshen rubutu: ina adabin Hausa ya tsaya a cikinta?

Malam_Nazari:
Assalamu alaikum jama'a. Duk inda ake koyar da ra'in adabin bayan mulkin mallaka, da gardamar harshe ake buɗewa. Chinua Achebe, marubucin Najeriya, ya ce a riƙe Turanci, a lanƙwasa shi har ya iya ɗaukar abin da ke zuciyar ɗan Afirka. Ngugi wa Thiong'o, marubucin Kenya, ya ce a'a, mai rubutu da harshen Turawa adabin Turawa yake ƙara wa arziki ko da labarin ƙauyensu yake bayarwa. Daga nan sai a ce wa ɗalibi ya zaɓi ɓangare. Da'awata ita ce wannan riga ba da awon Bahaushe aka ɗinka ta ba. Muna da rubutu tun kafin Bature ya iso, kuma har gobe masu karanta ƙagaggen labari da Hausa a Arewa sun fi masu karanta shi da Turanci. To me ra'in nan yake bayyana mana game da adabinmu, kuma a ina ya gaza?

AlƙalamiJa:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yanke wa ra'in hukunci gara a jera yadda abin ya faro, don da yawa suna ɗauka mutum biyu ne kawai suka yi ta musu. A watan Yuni na 1962 aka yi taron marubuta a Makerere da ke Kampala, kuma tun daga sunan taron aka ce na marubutan Afirka ne masu rubutu da Turanci. Sunan kaɗai ya fitar da Shaaban Robert mai rubutu da Swahili, da Fagunwa mai rubutu da Yarbanci, da namu Abubakar Imam. A 1963 Obi Wali ya fitar da maƙala a mujallar Transition, ya ce wannan hanya ba ta ɓullewa, adabin Afirka na gaskiya sai da harsunan Afirka. Achebe ya mayar da martani a 1964. Ngugi bai juya wa Turanci baya a aikace ba sai bayan wasan kwaikwayon da suka yi da manoma da ma'aikata a ƙauyen Kamiriithu na Kenya da harshensa na Gikuyu a 1977. A ƙarshen shekarar aka tsare shi a kurkukun Kamiti, kuma a can ya rubuta labarinsa na farko da Gikuyu a kan takardar bayan gida. Littafinsa Decolonising the Mind sai a 1986 ya fito. Abin lura shi ne ya daɗe yana sukar gwamnati da Turanci ba a ɗaure shi ba, sai da ya yi da harshen da talaka ke ji. Hujjarsa mafi ƙarfi ke nan, ta fi duk bayanan da ya yi a littafi.

Gwanin_Tarke:
Ƙarin bayani kaɗan, AlƙalamiJa: Ngugi da kansa ya halarci taron Makerere yana ɗalibi, lokacin ana kiransa James Ngugi, kuma a nan ya nuna wa Achebe rubutunsa. Kamfanin ɗab'i na Heinemann ya buga masa Weep Not, Child a 1964 cikin jerin littattafan marubutan Afirka da Achebe ke ba da shawara a kai. Ba abokan gaba ba ne kamar yadda ake zana su a aji.

Bintu_Adabi:
Ni inda Achebe ya ɓata min rai shi ne rabon da ya yi. Ya ce a Najeriya adabin ƙasa shi ne wanda aka rubuta da Turanci, na Hausa da Ibo da Yarbanci da sauransu kuwa adabin ƙabila ne. A auna wannan da Hausa a gani. Waƙar da aka rera a Kano ana jin ta a Maraɗi da Damagaram, da zangon Kumasi, da Garwa, har cikin Hausawan Sudan. Harshen da ya ƙetare iyakar ƙasashe biyar ko shida shi ne na ƙabila, Turancin da mafi yawan mutanen karkara ba sa karanta labari da shi shi ne na ƙasa? Taswirar da Bature ya zana ita Achebe ya ɗauka a matsayin ma'auni, bai kuma tambayi ko harsunan sun yarda da ita ba.

Sarkin_Ajami:
Malam_Nazari ya yi gaskiya a kan rubutu, amma ina so a duba yadda magabata suka raba aiki tsakanin harsuna, domin a nan darasin yake. Malaman jihadi harshe uku suka yi aiki da su. Larabci na littattafan fiƙihu da tarihi da wasiƙun mulki ne, kamar Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Bello na 1812. Fulatanci na waƙoƙin wa'azi ga Fulani, Hausa kuma ga jama'ar gari da ƙauye. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da duka ukun, ta kuma mayar da waƙoƙi daga wannan harshe zuwa wancan don jajis, wato malamai mata da ta horar, su kai wa ɗalibansu mata 'yan taru a ƙauyuka. Ba ta ga cewa zaɓen harshe ɗaya shi ne shaidar ko ita wace ce ba. Tambayarta ita ce: wa nake so ya ji wannan magana? Ra'in bayan mulkin mallaka ya ginu ne a kan mutumin da ke da harshe biyu masu faɗa da juna, na gida da na makaranta. Mutumin da ke da uku, kowanne da aikinsa, bai shiga lissafinsu ba.

Mai_Shakka:
Ku yi haƙuri, zan ɗan ɓata muku shagali. Na farko, Larabcin ma daga waje ya zo. Karin rubutacciyar waƙarmu, da amsa-amonta, da buɗewa da rufewa da addu'a, duk daga aruli na Larabawa aka ɗauko. In Turanci baƙo ne don ya zo da mulki, sai a faɗa mana shekara nawa baƙon harshe ke yi kafin ya zama ɗan gida.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci: ƙagaggen labarin Hausa na zube a ofishin gwamnatin mulkin mallaka aka haife shi. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya shirya gasar 1933 saboda makarantun elementare ba su da abin karantawa. Daga nan Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi suka fito, na ƙarshen ma East yana cikin marubutansa tare da John Tafida. East ne ya tace su, shi ya san tsawon da ya dace da aji da abin da bai kamata yaro ya karanta ba. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam kuma kowa ya san labarai da yawa a cikinta daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai aka sarrafo su. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 jaridar gwamnati ce. Ke nan a wurinmu Bature bai hana mu harshenmu ba, shi ya ba mu shi a rubutun da ya zaɓa. A zamanin mulkin mallaka, a Kenya ana dukan yaro don ya yi Gikuyu a makaranta, a Arewa kuwa jami'in Bature ne ake sa wa jarrabawar Hausa. Rubutu da harshen uwa shi kaɗai ba ya nuna an kuɓuta.

Malam_Nazari:
Mai_Shakka, ai ƙarfafa da'awata ka yi ta wata ƙofa. Ngugi ya ɗauka mulkin mallaka kullum danne harshen gida yake yi. A Arewa raya shi ya yi don ya yi mulki da shi, ya kuma taƙaita masu koyon Turanci. Amma ban yarda Imam ɗan amshin shata ne ba. Abin da ya ara ya mayar da shi fada da kasuwa da bakin maroƙa, har mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta.

Tafinta_01:
Bari in sauko da maganar daga sama zuwa kan takarda, don in ba a ga yadda ake aikin ba ba za a gane abin da ake musu a kai ba. Marubucin da mutanen labarinsa ke magana da harshen Afirka amma shi yana rubutu da Turanci, hanyoyi kaɗan gare shi. Ko ya bar kalmar yadda take ya yi jerin ma'anoni a bayan littafi. Ko ya kawo kalmar ya bi ta da fassara nan take. Ko ya bar ta babu fassara, ya gina jimlolin da ke kewaye da ita yadda mai karatu zai gane da kansa, wannan ita ta fi wuya kuma ta fi kyau. Ko kuma ya ɗauki ginin jimlar harshensa ya zuba masa kalmomin Turanci, kamar yadda Gabriel Okara ya yi da harshen Ijo a The Voice a 1964, da Ahmadou Kourouma da ya yi wa Faransanci haka da harshen Malinke a 1968. Ken Saro-Wiwa kuma ya haɗa nasa gurɓataccen Turancin a Sozaboy a 1985. Hanyar Okara tana gajiyar da mai karatu bayan 'yan shafuka, shi ya sa ba ta samu mabiya sosai ba.

Amma matsalar ba a kalmomi take ba. Ku ɗauki wannan: mace a labarin Hausa ba ta kiran sunan mijinta, sai Malam, ko maigida, ko Baban wane. Marubuciya ta bi wannan har shafi ɗari, sai ranar da rikici ya kai maƙura matar ta dube shi ta kira sunansa na yanka. Mai karatun Hausa a nan take ya san auren ya girgiza, ba a ƙara masa ko jimla ɗaya ba. Haka in uwa ta ambaci sunan ɗan farinta a gaban mutane, ko in baƙo ya shigo aka amsa masa sallama aka tsaya nan, babu ina gajiya, babu ina iyali. A Turanci dole ka zaɓi ɗaya cikin asara biyu. In ka yi shiru abin ya wuce ba a gani ba. In ka tsaya bayani, ka fasa labarin ka koma jagoran 'yan yawon buɗe ido. Mafi muni shi ne a sa Bahaushiya tana yi wa 'yar'uwarta bayanin abin da su biyun suka sani tun suna goye. Da ka ga haka a littafi, ka san ba don su aka rubuta shi ba. Ni a wurina ma'aunin ke nan: me marubucin ya ga sai ya bayyana, me ya bari don ya san mai karatunsa ya sani.

Hajiya_Edita:
Tafinta_01, abin da ka faɗa yana da ɗan'uwa a ɓangarenmu. Akwai rubutun da kalmominsa Hausa ne amma ƙashin bayansa Turanci ne. Za ka ga "a ƙarshen rana" inda ake nufin daga ƙarshe, ko jimla mai sassa huɗu da aka ɗaure da "wanda" da "wadda" har numfashi ya ƙare, alhali Hausa gajerun jimloli take jerawa da "sai" da "kuma". Gwajin mai sauƙi ne: a karanta shafin da ƙarfi a gaban wanda bai yi boko ba. Duk inda ya ce "me?" a ja layi.

Sai ƙa'idar rubutu. Boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, da ma mai karatu da ma'anar jimla yake cike giɓin. In aka ƙara zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ saboda ragwancin waya, aka haɗe "ya ke" da "yake" yadda aka ga dama, nauyin da ke kan mai karatu ya ninka. Ajami yana nuna dogon wasali, amma yana wahalar raba o da u, kuma bai taɓa samun daidaitacciyar ƙa'ida ɗaya ba. Kowanne da raunin da ya gada.

Ɗan_Tsauni:
Ina karanta ku kuna ta cewa "mu", to bari wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne ya sa baki. A Bauchi da Filato da kudancin Kaduna da Gwambe, harshen da ke cinye ƙananan harsuna ba Turanci ba ne, Hausa ce. Ajawa a ƙasar Bauchi ya mutu, masu shi sun koma Hausa. Auyokawa da Teshenawa a Jigawa haka. Mishan ma da Hausa suka yi aiki, an kammala fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932, coci-coci da dama har yau da ita suke ibada. Yadda abin ke tafiya a bayyane yake: kakanni suna jin harshen gida sosai, iyaye suna jin biyu, jikoki suna amsa gaisuwa kawai, daga nan shi ke nan. To in aka ce wa marubuci daga irin wannan al'umma ya bar Turanci ya koma harshen Afirka, wanne? Nasa da ba shi da ƙa'idar rubutu ko masu karatu, ko Hausa? Wasu Turancin suke zaɓa da gangan, don shi aƙalla ba ya mayar da su Hausawa. Wannan gefen hujjar Achebe ne, kuma ya fi ƙarfi fiye da yadda Bintu_Adabi ta nuna.

Bintu_Adabi:
Na karɓi wannan, Ɗan_Tsauni, ba ni da ja. Har cikin Hausar ma akwai irinsa: daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, shi ya sa a littafi da fim Basakkwace ko Bakatsine yakan fito ne in ana son a yi dariya. Amma rabon "ƙasa" da "ƙabila" dai ban janye sukata ba.

Arewa_Nijar:
Gaisuwa daga wannan gefen iyaka. Ku tuna Faransa ba irin mulkin Ingila ta yi ba. Makaranta da Faransanci zalla aka yi ta, babu wata Hukumar Talifi da ta shirya wa Hausa gasa. Shi ya sa Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniya ta Lugu da Faransanci a 1980, duk da cewa a ƙasar Hausa abin ya faru. Harshe ɗaya, al'ada ɗaya, amma tarihin adabi biyu, saboda mai mulki daban. A 2025 sabon kundin da hukumomin soja suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci harsunan aiki. Takarda ce mai muhimmanci, sai dai ba ta buga littafi, kuma masu Zabarmanci da Tamashek da Barbarci suna da irin tambayar Ɗan_Tsauni. Ko a rubutu ba mu gama daidaitawa ba, mu muna rubuta ƴ, ku kuna rubuta 'y.

Mai_Kanti:
Duk wannan bayani ba a taɓo inda aka yi abin da Ngugi yake kira ba tare da an karanta Ngugi ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, da kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubutan Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. Tsarin sananne ne: a raba labari kashi biyu ko uku don kowane kashi ya yi araha, a buga a ƙaramar maɗaba'a, a raba wa masu shaguna bashi, kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Ga masu ba da haya, ga gidajen rediyo masu karantawa. Inda yake lalacewa ma sananne ne: babu edita, takarda mai rauni, ɗan kasuwa ya riƙe kuɗi, na uku ya ƙi fitowa. Amma mata sun samu murya a nan, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, bayan Hafsatu Abdulwahid ta buɗe hanya da So Aljannar Duniya a 1980. Me masana suka yi? Aka laƙaba masa adabin kasuwar Kano, aka yi ta jayayya a jarida, Ibrahim Malumfashi yana suka, Abdalla Uba Adamu yana karewa. Yanzu abin ya koma WhatsApp da Wattpad, a biya kafin a shiga rukuni.

A kwatanta da lada. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG dala 100,000 ce, kuma littattafan Turanci ne ke cin ta, Abubakar Adam Ibrahim ya ci a 2016. Gasar Hikayata ta BBC Hausa kuwa a 2016 ta fara, ta yi amfani ƙwarai, amma tazarar kuɗin kowa ya san ta. Matashi mai basira yana ganin wannan kafin ya ga wani ra'i.

Mai_Shakka:
To ai ga wata ƙaya, Mai_Kanti. Littattafan nan da Hausa aka rubuta su tsantsa, amma babban zargin da aka yi musu shi ne kwaikwayon fina-finan Indiya da lalata tarbiyya. In harshe shi ne ma'ajin al'ada kamar yadda Ngugi ya ce, ta yaya littafin Hausa zai zama baƙon al'ada? Kuma Ngugin da ya yi bankwana da Turanci a 1986 ya dawo ya rubuta tarihin rayuwarsa da shi, ya yi shekaru yana koyarwa a Amurka.

AlƙalamiJa:
Gudun hijira ne ya kai shi waje, ba zaɓi ba, kuma ƙagaggun labaransa da Gikuyu ya ci gaba da rubuta su sannan a fassara. Tsarin da ya kawo ke nan: a fara da harshen gida, fassara ta kai shi duniya. Batun Indiya kuwa, wani manazarci, Brian Larkin, ya yi nazarinsa a 1997. Abin da 'yan mata suka gani a fina-finan shi ne auren dole da rikicin so da biyayya ga iyaye, wato matsalarsu ce a bakin wasu. Aron da ba ta hannun Turai ya biyo ba, ra'in da ya san mai mulka da wanda aka mulka kawai ba shi da wurin ajiye shi.

Malama_Firamare:
Kuna maganar marubuta, amma mai karatu a aji ɗaya ake yin sa. Gwajin Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya koyar da yara duk darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi ɗaya da ƙwararren malami, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da harshen gida a farkon firamare. Abin da ya yi ta kashe ta guda uku ne: babu littattafan lissafi da kimiyya a harshen, ba a horar da malami ya koyar da shi ba, jarrabawar ƙarshe kuma da Turanci ce, don haka iyaye ke gudu. Sakamakon shi ne yaro ya gama aji shida bai iya karanta shafi da Hausa ba, bai iya da Turanci ba.

Gwanin_Tarke:
In koma kan tambayar Malam_Nazari. Ra'in ya yi amfani wajen nuna dalilin da ya sa ake ɗaukar marubucin Turanci a matsayin wakilin Arewa a idon duniya, alhali wanda ake karantawa a gida ba a san shi ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, fassararsa ta Turanci sai 2012, kuma kamfanin Blaft na Indiya ne ya buga. Inda ya gaza shi ne duk abin da Sarkin_Ajami da Ɗan_Tsauni suka kawo.

Malam_Nazari:
Ban gamsu cewa gazawar ƙarama ce ba, amma a bar ta haka. Tafinta_01, tsarin nan na a rubuta da harshen gida a fassara, me ke hana shi tafiya tsakanin harsunan Afirka kansu?

Tafinta_01:
Mutane da kayan aiki. Wole Soyinka ya fassara littafin Fagunwa zuwa Turanci a 1968, Bature Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar a 1967, duk hanyar waje suka nufa. Mai son kawo labarin Swahili ko Wolof cikin Hausa kusan dole ya bi ta Turanci ko Faransanci, don da wuya a samu wanda ya ƙware a biyun, ƙamus tsakaninsu ma babu na kirki. Fassara ta hannu biyu kuwa tana gadon duk bayanin da mai fassarar farko ya cusa don Bature, har abin da Bahaushe bai buƙaci a bayyana masa ba, kamar kishiya ko sadaki ko iddar mace. Mafi ƙarancin abin yi shi ne mutum biyu su zauna, ɗaya mai harshen asali, ɗaya mai Hausa, fassarar Turancin tana gefe don duba kawai, su bi littafin sakin layi bayan sakin layi suna cire wannan ƙarin.